Albashi Mai Tsoka da Bakin Ma'aikaci

Manyan kamfanonin magani na duniya suna da wata al'ada. Lokaci lokaci sukan raba wa ma'aikatansu takardar tambayoyi: Kana jin daɗin aikinka? Shugabanka yana sauraronka? Za ka shawarci abokinka ya nemi aiki a nan? Sa'an nan a haɗa amsoshin, a ce kashi kaza cikin ɗari sun gamsu. Ban raina wannan al'ada ba, gama maigidan da ya tambayi yaronsa ya fi wanda bai taɓa tambaya ba. Amma tambayar da nake so mu duba tare, ya mai karatu, ita ce: in ma'aikacin gidan magani ya ce ya gamsu, wannan ya isa mu ce gidan na kirki ne?

Mu fara da ciki, domin da ruwan ciki ake jan na rijiya. A nan Gungin muna zaune kusa da unguwar masana'antu ta Wagadugu, muna ganin masu fita da asuba a kan keke da babur, mun kuwa san fuskar wanda wata ya ƙare ba a biya shi ba. Mutumin da ake bin sa kuɗin haya, ɗansa kuma yana gida don ba a biya kuɗin makaranta ba, kada a sa rai zai ƙirga ƙwayoyi da natsuwa. In kuma shi ne mai gadin sito, an ajiye shi a bakin jarraba, gama katon ɗaya na magani in ya fita ta bayan gida masu tallarsa a tire suna jira. Biyan hakki a kan kari shi ne farkon gaskiya tsakanin maigida da ma'aikaci. A kan wannan ba ni da gardama da kowa.

Bayan ciki akwai kwanciyar rai, mu a Burkina kuwa mun ga abin da rashinta ke jawowa. A shekarar 1992 aka kafa CAMEG, cibiyar da ke sayo magunguna masu sauƙin kuɗi tana rarraba wa asibitocin ƙasa. Da aka karya darajar sefa a watan Janairu 1994, farashin maganin waje ya haura, talaka ya ƙara dogara gare ta. A 2016 sai rikici ya tashi tsakanin ma'aikatar lafiya da hukumar gudanarwar cibiyar a kan wanda zai shugabance ta. Aka yi watanni mutum biyu kowa yana cewa kujerar tasa ce, magana ta je kotu, ma'aikata suka yi ta zaman dirshan. Sai a 2017 ƙura ta lafa. Ka tuna da magatakarda wanda takarda ta zo gabansa bai san sa hannun wa zai girmama ba. A wannan tsakani aka yi ta kukan ƙarancin magani a ƙananan asibitoci, matar da ke ƙauye da yaro mai zazzaɓi kuwa ba ta san sunan ko ɗaya daga cikin masu jayayyar ba.

To, a ce ciki ya ƙoshi, rai ya kwanta. Saura me?

Magani ya bambanta da sauran kayan kasuwa. Mai sayen atamfa yakan murza ta ya ji, mai sayen gero yakan tauna ƙwaya. Uwar da ta sayi ruwan magani ba ta da hanyar gwadawa, sai dai ta ɗura wa ɗanta. Saboda haka aka tsara aikin bisa shaida. Ana haɗa magani zubi-zubi, kowane zubi da lambarsa a jikin kwali. Kafin a haɗa, akwai wanda zai gwada kayan haɗin da aka sayo. Bayan an haɗa, akwai wanda zai ɗebi samfur ya auna, da wanda zai sa hannu cewa zubin ya cancanci fita. Dukan tsarin yana rataye a kan abu ɗaya, wato ƙaramin ma'aikaci ya iya duban babba ya ce, wannan zubi ba zai fita ba, ko da mota tana jira a ƙofa, ko da an riga an karɓi kuɗin mai saye.

A ƙarshen 2008 yara suka fara mutuwa a Nijeriya bayan shan maganin haƙori mai suna My Pikin, wanda wani kamfani a Legas ya haɗa. An iske guba a ciki, irin sinadarin da ake zubawa a injin mota, ya shiga a madadin ruwan haɗi na ƙwarai. Yara 84 aka ƙirga sun rasu. A 2013 kotu ta ɗaure mutum biyu shekara bakwai-bakwai, su kuwa ma'aikata ne, mai kula da haɗawa da mai kula da inganci. Duk wanda ke sa hannu a irin wannan takarda ya kamata ya riƙe wannan a zuciya, gama ranar shari'a sunansa ne a rubuce.

Labarin Kano ya fi wannan nauyi. A 1996 sanƙarau ya ɓarke a arewacin Nijeriya ya kashe dubban mutane. Kamfanin Pfizer na Amurka ya aiko da likitoci Asibitin Zana, suka gwada sabon magani mai suna Trovan. Yara 200 aka ɗauka, wajen rabinsu aka ba su sabon, sauran aka ba su wani maganin da aka riga aka sani. Goma sha ɗaya suka mutu, waɗansu suka tashi da kurumta ko shanyewar jiki. Iyaye suka ce ba a gaya musu gwaji ake yi ba. Kamfanin ya ce ciwon ne ya yi kisan, kuma an nemi yardar iyaye da baki. Daga baya ta bayyana cewa takardar amincewa da aka nuna an rubuta ta ne bayan an gama gwajin, aka sa mata tsohon kwanan wata. A 2009 kamfanin ya sasanta da gwamnatin jihar Kano a kan dalar Amurka miliyan 75, ba tare da ya amsa laifi ba.

Abin da ya shafi zancenmu shi ne, a cikin kamfanin akwai wani likitan yara, Juan Walterspiel, wanda ya rubuta wa shugaban kamfanin takarda yana nuna damuwarsa a kan yadda aka yi gwajin. Aka sallame shi daga aiki, shi kuwa ya ce saboda gargaɗin ne. Hukuncin wannan na masu shari'a ne. Ni abin da nake tambaya shi ne, abokan aikinsa da suka ga ya kwashe kayansa, wane darasi suka ɗauka? Gani ga wane, in ji Hausawa, ya ishi wane tsoron Allah, amma a wurin aiki sau da yawa tsoron maigida yake koyarwa. Mutum yana iya cika takardar tambayoyi ya ce ya gamsu, gaskiya kuwa yake faɗi, domin ya koyi inda ba a taɓawa ya daina taɓawa.

Na san abin da wani zai ce, kuma ba maganar banza ba ce. Zai ce wanda ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski, ka ci gishirin mutum ba ka tona masa asiri ba. Mu da muka tashi a zango mun san darajar rufin asiri, da shi baƙo yake samun masauki, da shi ake ba da bashi ba takarda. Amma rufin asiri na abin da ya tsaya a kan mai shi ne, kamar talaucinsa ko rigimar gidansa. Gurɓataccen zubi ba asirin maigida ba ne, gama zai shiga cikin ɗan wani. Ma'aikacin da ya tsayar da shi ya riƙe amanar maigidan ma, ko da maigidan bai gode ba a ranar.

Duk da haka ba na son a ɗora dukan kayan a kan ƙaramin ma'aikaci. Da sauƙi mai rubutu ya ce wa mai 'ya'ya shida ya yi jaruntaka, alhali ba shi zai ciyar da su ba. Gidan da sai jarumi ne zai iya faɗin gaskiya a cikinsa, shugabanninsa ne suka gaza. Aikinsu ne su sa faɗin gaskiya ya yi araha: mai kula da inganci kada ya zauna a ƙarƙashin mai neman ciniki, wanda ya kawo rahoton kuskurensa da kansa kada a yanke masa albashi, a kuma riƙa tambayar mai shara da direba, gama su ne sukan fara ganin firjin allurar rigakafi ya mutu cikin dare.

A watan Agusta 2022 aka buɗe Propharm a Komsilga, kudu da Wagadugu, masana'anta ta farko a ƙasar nan mai haɗa irin waɗannan magunguna masu sauƙin kuɗi, ciki har da farasitamol da gishirin zawo na yara. Samarinmu da 'yan matanmu da suka karanta ilmin haɗa magani za su riƙa neman aiki a irin waɗannan wurare. In ɗayansu ya zo neman shawarata, zan ce ya tambayi albashi, kada ya ji kunya. Sa'an nan ya nemi wani tsohon ma'aikacin wurin a gefe, ya tambaye shi yaushe aka taɓa tsayar da zubi, kuma wanda ya tsayar da shi yana ina yanzu.