Gadi ko koyarwa: wanne ne haƙƙin ɗa?

Akwai wata halittar teku mai hannuwa takwas, Turawa na ce mata oktopas. Masana sun ce kakanninta na da ƙoƙo a baya kamar dodon koɗi, shekaru kusan miliyan 500 da suka wuce. Daga baya ƙoƙon ya ɓace, sai ta koma kare kanta da wayo: ta sauya launi ta saje da dutse, ta fesa tawada ta tsere, har murfin kwalba tana kwancewa.

Amma fa wayon nan ba a koyonsa daga iyaye. Uwa in ta saka ƙwai sai ta daina cin abinci, ta zauna gadi, ƙyanƙyasa ke da wuya ta mutu. An ga wata a zurfin tekun Kalifoniya ta yi wata 53 a kan ƙwanta. Ta ba da ranta kaf, amma ko dabara ɗaya ba ta koya wa 'ya'yan ba. Kowanne daga farko yake farawa.

Ita ba ta da zaɓi, ba a kama ta da laifi. Mu fa? Uba ya fita kara ko wurin canji tun asuba, sai bayan isha ya dawo, duk don yara. Wallahi wahala ce ta gaske, ban raina ta ba. To amma yaron nan bai san farashin sa ba, bai san sunan garin kakansa ba, ka gaishe shi da Hausa ya amsa da buroka. An ciyar da shi, an tsare shi. A ganina rabin bashin aka biya, kuma rabin da ya rage kuɗi ba sa biyansa, sai an zauna da yaron.