Mas'ala a kan Tausasa Harshe ga Mai Ƙiyayya

Godiya ta tabbata ga Allah da ya halicci mutane kabila-kabila. Bayan haka, ya kai ɗan'uwa mai karatu, ga mas'ala wadda masu hankali suka daɗe suna jayayya a kanta: wanda ya ƙi ka domin asalinka kawai, ba domin wani laifi naka ba, ya cancanci a saurare shi da tausayi, ko kuwa sauraronsa ƙara masa ƙarfi ne?

Ka sani, ƙin Yahudawa tsohuwar cuta ce. A ƙasashen Turai an yi ƙarnuka ana laƙa musu annoba da tsadar rayuwa, har abin ya kai ga mulkin Hitila a Jamus, 1933 zuwa 1945, aka hallaka Yahudawa wajen miliyan 6. Cutar kuwa ba ta mutu da shi ba.

To, ga abin da ya faru a garin Lincoln, jihar Nebraska ta Amurka, a 1991. Wani Bayahude, Michael Weisser, mai jan addu'a a majami'arsu, ya koma sabon gida da iyalinsa. Sai aka buga masa waya ana zaginsa, aka kuma aiko masa da takardun tsoratarwa. Mai wannan aiki Larry Trapp ne, shugaban ƙungiyar Ku Klux Klan a jihar, watau masu ƙin baƙar fata da Yahudawa. Weisser ya kai ƙara wurin 'yan sanda, ba a ce ya zauna ya naɗe hannu ba. Sa'an nan ya binciki halin mutumin, ya iske ashe ciwon sukari ya cinye masa ƙafafu, a keken guragu yake, idonsa ma ya raunana, yana zaune shi kaɗai. Sai ya riƙa buga masa waya yana barin saƙo. A ɗaya daga ciki ya tunatar da shi cewa gwamnatin da yake yabo ta kashe naƙasassu irinsa. Ranar da Trapp ya ɗauki wayar da fushi, Weisser ya ce masa ya ji ba shi da lafiya, ko yana bukatar a kai shi sayen abinci? Mutumin ya yi shiru, ya rasa zagin da zai mayar.

Kafin shekarar ta ƙare Trapp da kansa ya nemi su zo. Suka je da abinci, ya cire zobbansa masu alamar Nazi yana kuka, ya fita daga ƙungiyar. Da ciwo ya tsananta suka ɗauke shi zuwa gidansu, matar Weisser tana jinyarsa, a nan ya rasu a 1992.

Duba da kyau, ya ɗan'uwa. Weisser bai taɓa gaskata ƙaryar Trapp ba, gaskiya ma mai ɗaci ya faɗa masa. Abin da ya ƙi yi ɗaya ne: bai yarda mutumin ya zama ƙiyayyarsa kaɗai ba, ya ga gurgu mai kaɗaici a bayan zagin. Wannan shi ne abin da Marshall Rosenberg ya tsara ya kira magana marar cutarwa. Shi ma Bayahude ne, ya sha duka a makaranta a Detroit saboda sunansa, ya rasu a 2015. Koyarwarsa ita ce ka faɗi abin da ka gani ba tare da yanke hukunci ba, da abin da ya sa ka ji, da bukatarka, sa'an nan ka roƙa, kada ka tilasta. Haka kuma za ka saurari abokin gaba, ka nemi tsoro ko raɗaɗin da ke ƙarƙashin kalmarsa.

In mai tambaya ya ce: ina amfanin wannan ga wanda ya zo da bindiga, kamar wanda ya kashe mutum 11 a majami'ar Yahudawa a Pittsburgh a 2018? Sai mu ce: babu. Wannan hukuma ce maganinsa. Taushin harshe na kafin nan ne, tun ƙiyayya tana baki ba ta sauka hannu ba. Kuma ba a tilasta wa wanda aka zalunta ya ɗauki wannan kaya, mai iko ne ke yi.

In kuwa ya ce: to jinin Falasɗinawa fa? Sai mu ce fushin zalunci daidai ne, amma a ɗora laifi kan mai shi, gwamnati ko soja, da sunansa. Jaririn da aka haifa Bayahude a Faransa ko Maroko me ya aikata? Ya inganta cikin Bukhari da Muslim cewa an wuce da gawa, Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya miƙe tsaye. Aka ce masa ai ta Bayahude ce, ya nuna musu cewa shi ma rai ne.