Kada Rigar Agaji Ta Zama Mafakar Masu Lalata Yara

Shugabannin ƙungiyoyin tallafa wa marayu, kwamitocin ciyarwa, masu buɗe ajin karatu kyauta a unguwanni, da ku nake. Allah Ya saka muku da alheri bisa ɗawainiyar da kuke yi. Sai dai akwai ɓarnar da ke laɓewa a bayan aikinku, kuma shirun da ake yi a kanta ya isa haka. Mutanen banza sun gane cewa hanya mafi sauƙi ta kai wa ga yaro marar gata ita ce sanya rigar aikin sa-kai. Ba a tambayarsu daga ina suka fito, ba a bincika abin da ya raba su da inda suka baro. Da mutum ya ce fi sabilillahi zai yi, ba ya son ko sisi, sai a yi masa godiya a danƙa masa yara. Kunyar tuhumar mai aikin lada ita ce ƙofar da suke shigowa ta cikinta.

Binciken da Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa ta gudanar tare da UNICEF a 2014 ya gano cewa yarinya ɗaya cikin huɗu, da yaro ɗaya cikin goma, sun fuskanci cin zarafi ta hanyar lalata kafin su cika shekara 18 a Najeriya, kuma galibi wanda suka sani ne ke aikata musu. A 2016 ƙungiyar Human Rights Watch ta tattara bayanan mata da 'yan mata 43 da aka yi wa fyaɗe ko aka yaudara a sansanonin 'yan gudun hijira bakwai a Maiduguri. Waɗanda aka zarga su ne aka ɗora wa alhakin tsaronsu da kula da su. Abinci da alƙawarin aure aka riƙa jan su da shi.

Ko ƙasashen da suka fi mu tsari sun ɗanɗana. A Ingila, Jimmy Savile ya yi suna wajen tara kuɗin sadaka, yana aikin sa-kai a asibitocin Leeds da Stoke Mandeville, har aka ba shi lambar girma. Sai bayan mutuwarsa a 2011 asirinsa ya tonu, ɗaruruwan mutane suka fito suka ce ya ci zarafinsu, yawancinsu tun suna yara. Ƙungiyar Sikawut ta Amurka kuwa ta shafe shekaru tana ajiye sunayen 'yan sa-kan da aka zarga a cikin kundin sirri. A 2020 ta garzaya kotu ta ce ta karye, mutum fiye da 82,000 suka shigar da ƙorafi a kanta, diyyar da aka amince da ita ta haura dala biliyan 2. Sunan da ta so karewa da rufa-rufa, rufa-rufar ce ta zubar da shi.

Ku san yadda mugun ke aiki, domin ba da fuskar mugunta yake zuwa ba. Shi ne farkon zuwa, shi ne ƙarshen tashi. Yakan zaɓi yaron da ba shi da mai tsaya masa: marainiyar da uwarta ke wankau, almajirin da iyayensa ke can ƙauye, kurman da ba zai iya kai ƙara ba. Yau alewa, gobe kuɗin tara, jibi takalmin sallah. Yakan fara da sayen zuciyar uwar, ya kai mata kwanon shinkafa fiye da rabonta, har ta riƙa cewa Allah ne Ya turo musu shi. Daga nan sai ya ce wa yarinyar ta tsaya bayan kowa ya watse, nata kason yana cikin sito. Ko ya ce zai rage mata hanya a babur tunda magariba ta yi. Idan ya aikata abin da ya aikata, kalma ɗaya ta ishe shi rufe bakinta: in kin faɗa, za a cire sunanku daga masu karɓar tallafi. Yarinyar da ta san da wannan shinkafar ƙannenta ke kwana, me kuke zato za ta yi?

Laifi na biyu kuwa a ɗakin taro ake aikata shi. Magana ta fito, sai a kira zaman gaggawa. Wani ya ce mutumin kirki ne, sahun farko yake sallah. Wani ya ce in labari ya fita masu ba da gudummawa za su janye. Wani ya ce a rufa wa yarinyar asiri saboda aurenta nan gaba. A ƙarshe a ba uwar 'yan kuɗi a ce ta yi haƙuri ta bar wa Allah, shi kuma a sallame shi a asirce. Bayan wata biyu ya ɓulla a wata ƙungiyar, da shaidar cewa ya taɓa aiki da marayu. Ku da kuka yi wannan sulhu, duk yaron da ya lalata a can kuna da kamasho a zunubin. Suturta Musulmi da addini ya yi umarni da shi bai haɗa da sakar wa azzalumi hanya ya ci gaba da cutar raunana ba.

Gyaran ba ya buƙatar kuɗi mai yawa, ƙarfin hali yake buƙata. Duk wanda zai yi aiki da yara, ko ɗan wane ne, ya kawo masu tsaya masa biyu, a kuma tuntuɓi mai unguwarsu da wurin da ya bari. Tun 2019 Najeriya na da rajistar waɗanda aka samu da laifin fyaɗe a ƙarƙashin hukumar NAPTIP, a duba ta. A kafa doka a rubuce cewa babba ɗaya ba ya keɓewa da yaro, a aji ne, a sito ne, ko a mota. Rabon kaya ya zama a fili, gaban jama'a. Ba kai yaro gidan ɗan sa-kai, ba kyauta ta bayan fage, ba hira da yara a WhatsApp cikin dare. A naɗa mace da namiji masu amana waɗanda yara suka san za su iya kai musu kuka, kuma dokar ta hau kan shugaba kafin kowa. Mutumin kirki ba ya jin haushin irin wannan tsari, domin shi ma kariya ce gare shi daga ƙazafi. Wanda ya fusata ya ce an raina shi, a sa masa ido.

Idan yaro ya buɗe baki, a saurare shi, kada a daka masa tsawa, kada a gurfanar da shi gaban wanda yake zargi. A dakatar da mutumin nan take. A kai yaron asibiti kafin a yi masa wanka ko a wanke tufafinsa, domin shaida na jikinsu, kuma maganin kariya daga cutar ƙanjamau cikin awa 72 yake aiki. Akwai cibiyar Waraka a Kano, da cibiyoyin Salama a Jihar Kaduna, da Nana Khadija a Sakkwato. Sannan a sanar da 'yan sanda. Fyaɗe babban laifi ne a Dokar Haƙƙin Yara ta 2003 da dokokin jihohi, har Kaduna ta tanadi dandaƙa da kisa a 2020 ga wanda ya yi wa yaro ɗan ƙasa da shekara 14 fyaɗe. Babu kwamitin da ke da hurumin yafe shi.

Iyaye, talauci bai sauke muku nauyin kiwo ba. Yaron da ke ɗokin zuwa aji ya dawo yana kuka in an ce ya tafi, ko ya koma fitsarin kwance, ko kuka gan shi da kuɗin da ba ku ba shi ba, ku zaunar da shi ku tambaya cikin lallashi. Ku kuma masu hannu da shuni, kafin ku tura zakka ko sadaka, ku nemi a nuna muku ƙa'idar kare yara ta ƙungiyar. In babu, ku riƙe kuɗinku har sai an yi.

Maraya amana ne, kuma za a tambaye ku a kansa ranar da babu sunan ƙungiyar da zai ceci kowa. Ku tsare ƙofarku tun yau, ku tona asirin duk wanda kuka kama. In ba za ku iya ba, ku rufe ƙungiyar, ya fi muku sauƙin hisabi.