Kura da Shan Bugu: Wane Karatu Ake Ba Ɗan Ƙwallon Jami'a?

Idan kana zaune a Amurka, ka san yadda Asabar ɗin watan Oktoba take: ƙwallon jami'o'i ce ke cinye ta, irin tasu ta nan da ake rungumar ƙwallo a ruga ana karo. Filin jami'ar Michigan kaɗai yana ɗaukar mutum fiye da 100,000. Cinikin da aka ƙulla da yaran da ke cikin filin a bayyane yake: ka ba mu jikinka da lokacinka, mu ba ka karatu kyauta. To, idan an miƙa wa yaro takardar digiri amma ba a bar shi ya karanta abin da yake so ba, an biya shi hakkinsa?

Mu fara da lokaci. Dokar NCAA, hukumar da ke kula da wasannin jami'o'i, ta ce kada atisaye da wasa su wuce awa 20 a mako a lokacin kakar wasa. Amma a 2014, da 'yan wasan jami'ar Northwestern suka nemi a ɗauke su a matsayin ma'aikata, jami'in hukumar ƙwadago da ya saurari ƙarar ya gano cewa suna kashe awa 40 zuwa 50 a mako kan ƙwallo. Jagoransu, Kain Colter, ya ba da shaida cewa likita ya so ya zama, amma darussan kimiyya suna karo da lokacin atisaye, sai ya koma ilimin halayyar ɗan Adam. Ni da na yi karatun jinya na san abin da wannan ke nufi. Ɗalibar jinya tana shiga asibiti tun da asuba, ta wuni a tsaye gefen gadon mara lafiya, kuma ranar da ta rasa sai ta rama. Yaron da ke ɗaga ƙarfe da sassafe, ya yi atisaye da rana, ya hau jirgi ranar Juma'a, ina zai sa wannan? Ai ba a tauna taura biyu a baki ɗaya.

Sai kuma dokokin da aka yi da kyakkyawar niyya. Kafin ɗan wasa ya ci gaba da bugawa, dole ya gama kashi 40 cikin 100 na digirinsa a ƙarshen shekara ta biyu, kashi 60 a ta uku, kashi 80 a ta huɗu. Ƙungiyar da makin karatunta ya gaza 930 tana iya rasa wasannin ƙarshen kaka. Kocin da albashinsa ya rataya ga nasara, da mai ba da shawarar karatu da ke aiki a sashen wasanni, duk sun san cewa fanni mai wuya haɗari ne gare su. Sauya fanni ma haɗari ne, domin darussan baya ba lallai a lissafa su ba. Shi ya sa za ka tarar da rubu'in ƙungiya ko fiye sun taru a fanni ɗaya, abin da masu bincike suka daɗe suna nunawa.

Wani lokaci abin yakan wuce haka. Rahoton Wainstein na 2014 ya nuna cewa a jami'ar Karolaina ta Arewa, daga 1993 zuwa 2011, ɗalibai kimanin 3,100 sun ɗauki darussan da ba a shiga aji, takarda ɗaya kawai ake miƙawa a samu maki mai kyau. Kusan rabinsu 'yan wasa ne. A 2017 NCAA ta ce ba za ta hukunta jami'ar ba, tunda darussan a buɗe suke ga kowa. Tun kafin nan, a 1989, Dexter Manley, tauraron NFL, ya faɗa wa majalisar dattawa cewa ya yi shekara huɗu a jami'ar jihar Oklahoma bai iya karatu sosai ba.

Na san abin da za ka ce, kuma kana da hujja. Babu fannin banza. Wanda ya karanta ilimin zamantakewa da zuciya ɗaya ya ƙaru. Yaron nan ya kai 18, shi ya sa hannu. Abokan ajinsa suna fita da bashin dubban daloli, shi ya fita fes. Ga John Urschel, ya buga wa Penn State, ya yi digirin digirgir a lissafi a MIT. Ga Myron Rolle na Florida State, yau likitan tiyatar ƙwaƙwalwa ne. Duk gaskiya ne. Amma ai saboda ƙarancinsu muka haddace sunayensu.

A aikinmu, sa hannun mara lafiya kafin tiyata ba ya wadatarwa. Sai an gaya masa haɗarin, an gaya masa sauran hanyoyin, an tabbatar zai iya cewa a'a ba tare da an juya masa baya ba. Ka auna yaron nan da wannan mudu. An gaya masa cewa ƙasa da biyu cikin ɗari ne ke shiga NFL? An gaya masa cewa waɗanda suka shiga ma, matsakaicin zamansu bai wuce shekara uku da 'yan watanni ba? In ya ce injiniyanci zai yi, ko da zai rasa atisayen Talata, matsayinsa a ƙungiya zai tsira? Idan amsar a'a ce, to zaɓin nasa suna ne kawai. Ni a wurina laifin ba a fanni mai sauƙi yake ba, yana ga wanda ya zaɓar wa yaro fanni don amfanin kansa, sannan ya kira abin kyauta.

Wasu na ganin kuɗi ya kashe maganar. Tun Yulin 2021 ɗan wasa yana iya cin kuɗin talla da sunansa, kuma a 2025 aka ba jami'a damar raba wa 'yan wasanta har kimanin dala miliyan 20.5 a shekarar farko. Madalla, ko ba komai kura ta fara ganin wani abu daga abin da gardi ke kwashewa. Sai dai babban rabon na taurari ne, kuma kuɗin yana tsayawa ranar da gwiwa ta tsaya. Ɗan shekara 23 mai tsinkakkiyar jijiya yana da shekaru arba'in na neman abinci a gabansa, kuma abin da ke kansa ne zai ci da shi.

Maganar nan fa ta iso gidajenmu, domin yaranmu da aka haifa a nan suna buga wasan a sakandare, kuma masu farautar 'yan wasa suna ƙwanƙwasa ƙofa. In ɗanka ne, kar ƙawar filin ta ɗauke maka hankali. Ka tambayi kocin: 'yan wasanka nawa ne ke karanta abin da ɗana yake so? In darasi ya yi karo da atisaye, wanne ake bari? In ya ji rauni ya daina wasa, za ku biya masa har ya gama? Abin da ya amsa, ka ce ya rubuta maka a takarda. Kyan alkawari dai cikawa, kuma yaro amana ne a hannunka kafin ya zama a hannunsu.