Idan Ilimi Ya Zama Kyauta, Laifin Wa Ne Faɗuwa?

Kowace shekara a watan Mayu, ɗaliban sakandare a Amurka kan zauna wata jarrabawar ilimin ƙididdiga mai suna AP Statistics, wadda hukumar College Board ke shiryawa tun 1997. Ana ba da maki daga 1 zuwa 5. Wanda ya samu 3 ko sama da haka, jami'o'i da yawa kan yafe masa kwas ɗin ƙididdiga na farko, su lissafa masa kamar ya zauna aji ya yi, kodayake wasu sai ya kawo 4 ko 5. A ƙasar da kuɗin kwas guda kan kai ɗaruruwa ko dubban daloli, wannan ba ƙaramin sauƙi ba ne. Akwai kuma jarrabawar DSST, wadda ta samo asali daga shirin karatun sojojin Amurka, manya masu aiki da iyali kan zauna ta don wannan buƙatar.

Abin da ake buƙata don shiri kuwa, kusan duk yana kan intanet ba ko sisi. Khan Academy, wadda Salman Khan ya kafa a 2008, tana da darussan ƙididdiga da atisaye tun daga tushe. OpenStax ta jami'ar Rice da ke Houston ta fitar da cikakken littafin ƙididdiga da kowa zai iya saukewa a waya. Ita kanta College Board takan wallafa tambayoyin rubutu na shekarun baya tare da yadda aka raba makinsu. Waɗannan darussa, yadda suke buɗewa a Chicago haka suke buɗewa a wayoyinmu.

Daga nan ne muke yanke wani hukunci ba tare da mun lura ba. Muna cewa: tunda komai yana nan kyauta, wanda bai ci ba ragwanci ne ya kayar da shi. Da can mai neman ilimi yana da uzurin rashin kuɗin littafi da nisan makaranta. Yanzu an ɗauke uzurin, to me ya rage in ba laifinsa ba? Maganar tana da daɗin faɗi, musamman a bakin wanda ya ci. Mu tambayi kanmu ko gaskiya ce.

Abin sha'awa, amsar tana cikin darasin da ake wa jarrabawar. A farkon karatun ƙididdiga akan koya wa ɗalibi ya yi tambaya guda kafin ya yarda da kowane adadi: su wa aka ƙirga, su wa aka bari? A 1943, lokacin Yaƙin Duniya na Biyu, Abraham Wald, masanin lissafi da ke aiki da wani rukunin bincike a jami'ar Columbia, ya yi nazari a kan ramukan harsashi da ke jikin jiragen yaƙin da suka dawo sansani. Darasin da aka ɗauka daga aikinsa shi ne, jiragen da ake dubawa su ne waɗanda suka tsira. In an ga ramuka ba su da yawa a wajen inji, ba wai harsashi na kauce wa inji ba ne. Jirgin da aka harba a nan bai dawo ba balle a ƙirga shi.

Haka labaran nasara suke. Wanda ya yi shiri da darussan kyauta ya ci, shi ne zai fito ya ba da labari, mu yi ta turawa juna. Wanda ya fara ya tsaya a mako na uku ba ya rubuta komai. Jiragen da suka dawo kaɗai muke gani. Da aka waiwayi sauran, hoton ya sauya. A 2019 mujallar Science ta buga binciken Justin Reich da José Ruipérez-Valiente a kan kwasa-kwasan intanet na jami'o'in MIT da Harvard, suka gano cewa a zangon 2017 zuwa 2018 kusan mutum 3 cikin 100 na waɗanda suka shiga ne suka kammala, kuma akasarin masu shigar daga ƙasashe masu arziki suke.

Darasi na biyu shi ne, don abu biyu sun zo tare, bai nuna ɗaya ne ya haifi ɗaya ba. Mun ga wance ta bi darussan ta ci, sai muka ce darussan ne da ƙoƙarinta. Amma wataƙila tana da ɗaki mai shiru, da intanet da ba ya yankewa, da yaya da ya taɓa yin kwas ɗin, da malamin firamare da ya kafa mata lissafi da kyau. Ɗan ajinsu kuwa, yana tashi daga makaranta ya wuce wurin aiki, ya dawo ya tarar da ƙanne na jiran abinci. Darasi ɗaya suka buɗe, amma ba daga wuri ɗaya suka taso ba. Abin da aka yi kyautarsa shi ne bayani. Lokaci, da natsuwa, da wanda za ka tambaya in ka cije, har yanzu da tsadarsu. Mu da muke auna kowane bidiyo da ragowar data da cajin waya, bai kamata a ce sai an yi mana dogon bayani a kan wannan ba.

To sai mu ce ba laifin kowa ba ne, kowa ya naɗe hannu? Nan ma ilimin ƙididdiga bai ba mu mafaka ba. Adadin da aka ɗauko daga dubban mutane yana bayanin taron ne, ba ya rubuta wa mutum guda ƙaddararsa. A cikin 97 ɗin da ba su kammala ba, akwai waɗanda leƙe kawai suka je yi, ba su taɓa niyyar gamawa ba. Wanda ya fake da wannan adadi ya ƙi buɗe littafi, shi ma ya yi wa ƙididdiga karatun banza. Kuma akwai wani abu da babu mai yi wa ɗalibi. Kallon malami yana warware tambaya a bidiyo yana sa mutum ya ji kamar ya iya, alhali bai iya ba. Sashen rubutu na jarrabawar yana neman ka faɗi da kalmominka abin da sakamakon ke nufi, da dalilin da ya sa ka zaɓi wannan gwaji ka bar wancan. Wannan ba ya samuwa sai ka ɗauki biro da takarda, ka yi kuskure, ka duba yadda ake raba maki, ka sake. Kowa ya ci zomo ya ci gudu.

Ashe haƙƙin ya rabu gida biyu, kuma kuskurenmu shi ne ɗora shi duka a kan mutum guda. Ɗalibi yana da nasa: awa ɗayan da ya samu, ya yi aiki da ita tsakani da Allah, kada ya yaudari kansa da kallo. Mu ma muna da namu. In mu ne muka ci, mu ba da labarin gaba ɗayansa, har da wanda ya biya mana kuɗin jarrabawa da wadda ta ɗauke mana aikin gida. Labarin da aka yanke masa wannan rabin yana zama bulala a bayan wanda bai samu irin gatanmu ba, ko da ba mu yi nufin haka ba. In kuma mu ne ke kallo daga gefe, mu yi wa mutum tambayar da ake yi wa adadi: daga ina ya taso, me aka ƙirga masa, me aka bari?

Tura wa yaro adireshin darasi ba ya cin mana komai, shi ya sa muke saurin yi, mu ji mun sauke nauyi. Taimakon da ke da wuya shi ne wanda ya rage: a ara masa kwamfuta da yamma, a karɓe masa aike na awa biyu, a zauna a saurare shi yana bayanin abin da ya karanta ko da mu ba mu gane ba, a tambaye shi ranar Juma'a ina ya kai. Waɗanda suka zuba iliminsu a intanet kyauta sun yi nasu, Allah Ya saka musu. Kafin mu kira wani rago, mu duba ko mun yi namu.