Ko Gajeren Rai Hasara Ne?

Mukan ce wanda ya rasu da ƙuruciya ya yi hasara. Bari mu auna maganar nan da labarin Ernie Davis na Amurka. A 1961, yana Jami'ar Sirakus, ya zama baƙar fata na fari da ya sami kyautar Heisman, ta gwanin ƙwallon da akan ruga da ita a hannu. Ƙungiyar Cleveland Browns ta ɗauke shi, sai ciwon dajin jini ya kama shi. Ya rasu a 1963 yana da shekara 23, ko wasa ɗaya bai yi musu ba. Duk da haka suka keɓe lambarsa, 45, ba mai ƙara sa ta. Me suka girmama? Ba aiki ba ne, gama bai yi musu ba. A ganinmu halinsa ne. Ana saura 'yan watanni ya rasu, ya rubuta cewa shi bai ɗauki kansa marar sa'a ba.