Saiti da Tausayi

Wani dattijo mai gonar shinkafa a Kovié, can kwarin kogin Zio, ya tare ni a ƙofar masallaci a Agoè-Zongo bayan sallar Juma'a. Gyazbi, wanda a nan muke ce wa aguti, ya addabi gonarsa. Ya ce, "Ɗana, kai mai magana a rediyo, wace bindiga zan nemi lasisinta?"

Na yi dariya, ni da ko kaza ban iya yankawa ba. Amma tambayar ta bi ni har gida.

Bindigar maharba mai lamba 12 watsa ƙwayoyin dalma take yi. Daga nesa sau da yawa raunata dabba kawai take, ta ja jiki cikin ciyawa ta kwana tana shan azaba. Mai sakata kuwa, irin .22, harsashi ɗaya take fitarwa, sai an ja sakatar da hannu kafin na biyu, don haka dole mai harbi ya natsu. Hadisin da Muslim ya ruwaito ya umarce mu da kyautatawa ko wajen kisa, har da wasa wuƙa. A ganina saiti shi ne wasa wuƙar maharbi, ko da ɓarawon shinkafa zai harba.

Sai dai harsashin .22 in ya kuskure yana iya wuce kilomita 1, kwarin kuma shimfiɗe yake. Tausayin gyazbi zai iya faɗawa kan ɗan Adam.

Da Juma'a ta zagayo na ce, "Baba, su wa ke korar tsuntsaye a bayan gonarku da sassafe?"

Ya yi shiru. Can ya ce jikokinsa.